Apsara ta katako da rainin da muke yi wa aikin hannu



Akwai wata magana da ke yawo a garuruwanmu duk shekara da zarar sakamakon BEPC ya fito: "Tunda kansa ba ya ja, a kai shi ya koyi sana'a." Uba na faɗin ta, uwa na faɗin ta, mu malamai ma muna faɗin ta a taron ƙarshen shekara kamar wata shawara ce mai hikima. A wurina wannan magana zagi biyu ce a baki ɗaya, ta zagi yaron, ta zagi sana'ar. Kuma ƙarya ce tsagwaronta. Domin in tabbatar da haka zan ɗauko hujjata daga nesa, daga wani abu da na san wasunku za su yamutsa fuska da jin sunansa: mutum-mutumin katako na matan nan masu rawa da Indiyawa ke kira apsara. Da gangan na tafi nesa. Turmi da akushi sun daɗe a gabanmu har idonmu ya daina ganin ilimin da ke cikinsu.

A labaran addinin Hindu, apsara mata ne na sama da ke rawa a fadar Indra, wanda suke ɗauka sarkin allolinsu, makaɗansu kuwa su ne ake kira gandharva. Wata ruwayarsu ta ce sun ɓullo ne a lokacin da alloli da abokan gabarsu suka haɗu suka burka tekun madara, dutse ne maburgi, maciji ne igiya, suna neman ruwan da ke hana mutuwa. Sanannu a cikinsu su ne Urvashi da Menaka da Rambha da Tilottama. Menaka ce Indra ya aika ta ɗauke hankalin Vishvamitra, wani mai zuhudu da ya daɗe cikin ibada har Indra ya fara tsoron ƙarfinsa. Ta yi nasara, suka haifi Shakuntala, wadda babban marubucinsu Kalidasa ya yi wa wasan kwaikwayo. Ɗanta Bharata ne al'adarsu ke dangantawa da sunan Bharat, wanda shi ne ɗaya sunan ƙasar Indiya a hukumance. Galibi ba apsara ake girkewa a ƙuryar ɗakin bauta ba. Wurinsu bango ne da ginshiƙi da bakin ƙofa, ado ne da ke kewaye da abin bautar.

A jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya akwai garuruwa irin su Kallakurichi da Arumbavur da suka gaji sassaƙar katako kaka da kakanni. Tushen aikinsu shi ne keken haikali, wata ƙatuwar amalanke ta katako da jama'a ke ja da igiyoyi a titi ranar bikin shekara, jikinta cike da surori. Ta garin Thiruvarur tsayinta ya kusa mita 30, nauyinta wajen tan 300. Daga jikin irin waɗannan kekuna ne surorin suka sauko suka zama allunan ado da ƙananan mutum-mutumi da ake sayarwa yau. Itatuwan da suke aiki da su sun haɗa da mangwaro da ɓaure da tik, da wani da suke kira vengai, wanda ɗan uwan madobiyarmu ne.

To, mu zauna kusa da masassaƙin nan mu ga abin da dole ya sani kafin ya ɗora kurfi a kan icce.

Na farko, awo. Suna da tsofaffin littattafan sana'a da ake kira Shilpa Shastra, kuma a cikinsu ba a sassaƙa jiki da ƙiyasin ido. Ma'auninsu sunansa tala, wato tsawon fuska daga matsirar gashi zuwa haɓa, kuma kowace tala ta kasu gida 12, kowane gida ana ce masa angula. Manyan alloli ana ba su tala goma. Akwai kuma awon tala tara, wanda ya ba da angula 108 daga kai zuwa tafin ƙafa. Angula ba ta da tsayayyen tsawo kamar santimita, girman iccen ne ke yanke ta. In masassaƙi yana son jiki mai tsayin santimita 54, banda kambun kai da gindin da za ta tsaya a kai, sai ya raba 54 gida 108, angula ta zama rabin santimita, fuska ta zama santimita 6. In aka ce masa a ninka tsayin, kowace gaɓa sai ta ninku, daga faɗin kafaɗa har tsawon yatsa. Malaman CM2, ku gaya mini, wannan ba shi ne lissafin daidaito da muke fama da yara a kansa wata da watanni ba? Mu a allo muke yi da alli, yaro ya kuskure ya sa gom ya goge a kayensa. Shi kuwa a icce yake yi, inda abin da kurfi ya ɗebe ya tafi ke nan. Mai ginin tukwane in ya rage yumɓu yana iya ƙarawa, masassaƙi ba shi da wannan gata.

Na biyu, nauyi. Apsara ba ta tsayawa ƙiƙam kamar soja. Tsayuwarta da aka fi sani ita ce tribhanga, lanƙwasa uku: a wuya, a ƙugu, a gwiwa. Kai ya karkata gefe, ƙugu ya fita ɗaya gefen, nauyin jiki ya sauka a kan ƙafa guda. Don kada abin ya kife, masassaƙi na auna shi da zare mai nauyi a baki, irin wanda magina ke saki a jikin bango, ya tabbata tsakiyar nauyin ta faɗa cikin gindin. Abin da muke koyarwa ke nan a kwaleji da sunan cibiyar nauyi, yara su haddace ma'anarsa, su rubuta a jarrabawa, su manta kafin hutu ya ƙare.

Na uku, halin icce. Duk mai faskare ya san icce yana da hanyar da yake tsagewa. Hannun mai rawa da aka miƙa a gicciye da wannan hanya, siriri, da yatsu a buɗe, ƙaramin bugu ya isa ya ɓalle shi. Shi ya sa in ka lura za ka ga sau da yawa akwai wani mayafi da ya zubo daga gwiwar hannu ya taɓa cinya, ko sarƙar furanni, ko reshen bishiya da ta kama. Mai kallo yana ganin ado, masassaƙi ya san tokari ne ya sa. Haka nan dole ya san iccen da ya bushe da wanda bai bushe ba, domin ɗanye in aka sassaƙa shi zai tsage daga baya, aikin watanni ya lalace.

Na huɗu, rawar kanta. Littafinsu na rawa da wasan kwaikwayo, Natya Shastra, ya lissafa motsi 108 da ake kira karana, kuma an sassaƙa su a ƙofofin haikalin Chidambaram. Kowane irin riƙon yatsu yana da suna da ma'ana. Masassaƙin da ya sa yatsa inda bai dace ba, ƴar rawa ƴar shekara goma za ta gane kuskurensa.

Ku ƙirga da ni: lissafi, ilimin nauyi, sanin itatuwa, surar jikin mutum, adabin mutanensa, ƙa'idojin rawa, duka a cikin gungumen icce guda. Wane darasi muke da shi a jadawalinmu da ke neman wannan duka daga ɗalibi a lokaci ɗaya? Wannan mutumin ne za a ce kansa ba ya ja?

Indiyawa ba su bar abin ga gado kaɗai ba. A garin Mamallapuram akwai kwalejin gwamnati ta gini da sassaƙa da aka kafa a 1957, inda ɗalibi ke fita da digiri a sassaƙar gargajiya, ta dutse ko ta ƙarfe ko ta katako. Ganapati Sthapati, wanda ya daɗe yana shugabantar ta, shi ne ya tsara mutum-mutumin mawaƙi Thiruvalluvar da ke Kanyakumari, mai tsayin kusan mita 40, wanda aka buɗe ranar 1 ga Janairun 2000. A 2020 hukuma ta yi wa sassaƙar Arumbavur rajistar asalin wuri, ta Kallakurichi kuma a 2021, ma'ana ba wanda ke da ikon sayar da kayansa da sunan garin in ba a can aka yi shi ba. A watan Satumba na 2023 gwamnatin tarayyarsu ta buɗe wani shiri na horo da kayan aiki da bashi ga masu sana'o'in hannu iri 18, har da kafintoci da maƙera da masassaƙa. Ƙasar da ta sauke na'urarta a kan wata a wannan shekarar ita ce ke yin haka, ba ta ga cewa kurfi ya rage mata daraja ba.

Kambodiya kuma ta nuna abin da ke faruwa in aka yi sake. A can ne Angkor Wat yake, haikalin da sarki Suryavarman na biyu ya gina wa Vishnu a ƙarni na 12. A bangayensa akwai surorin mata sama da 1,700 da aka sassaƙa a dutse, akwai kuma dogon bangon da ke nuna burka tekun madara, apsara na shawagi a samansa. Su ne masassaƙan katako na Siem Reap ke kwaikwaya har yau. Daga 1975 zuwa 1979, mulkin Khmer Rouge ya bi masu ilimi da masu fasaha da kisa da yunwa, har ana ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na ƴan rawa da makaɗan gargajiya sun halaka. Duwatsun suna nan ba abin da ya same su sosai, amma masu iya karanta su da jiki da hannu sun kusa ƙarewa. Tsofaffin da suka tsira ne aka nemo suka sake koyar da yara. A farkon shekarun 1990 aka buɗe makarantun koyon sana'a a Siem Reap domin matasan karkara, daga nan aka sake samun masassaƙa. Ilimin da ke hannu yana bin mai hannun kabari in ba a miƙa shi ba. Su bindiga ce ta yanke musu igiyar. Mu tamu da kanmu muke tsinka ta a hankali da raini, ba wanda ya harbe mu.

Na san abin da ke bakin wasunku tun ɗazu: "Malam, ai gumaka ne kake yabo." Mu yi maganar a fili. Ban ce kowa ya sassaƙa sura ba, ban ce a sayo a ajiye a ɗaki ba, hukuncin wannan yana wajen malaman addini kuma sun yi bayaninsa. Abin da nake karewa shi ne sanin abu, kuma sani daban, bauta daban. Alƙur'ani mai girma ya ambaci Lata da Uzza da Manata da sunayensu, ya ambaci gumakan mutanen Annabi Nuhu, yaranmu na haddace su a makarantar allo, ba wanda ya taɓa cewa imaninsu ya raunana. Abu Raihan al-Biruni, babban masanin nan Musulmi da aka haifa a 973, ya koyi harshen Sanskrit, ya rubuta littafi a kan Indiya wajen 1030, kuma a ciki ya ware babi guda ga gumakansu, har da yadda ake auna su, yana ɗaukowa daga littafin masaninsu Varahamihira. Shekara kusan dubu ke nan Musulmi na alfahari da shi. Mu ne muka fi shi tsoron Allah, ko dai mun fi shi ƙyuyar karatu?

Kuma a daina yaudarar kai. Gidan da za a ta da jijiyar wuya saboda hoton sassaƙa a littafin tarihi, shi ne gidan da fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa ke tashi tun daga magariba har yara su yi barci a gaban talabijin. A can suna ganin haikalin, suna ganin fitilu da furanni, suna ganin rawar, ba mai ce musu ga abin da ake nufi, ga inda muka bambanta da su. Rashin sani ya fi dare duhu. Yaron da malami ya zaunar ya yi wa bayani ya fi kariya bisa wanda aka bar wa rimot a hannu.

Ga wanda har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya dubi Saharanpur a jihar Uttar Pradesh. Gari ne da ya shahara da sassaƙar katako, mafi yawan masassaƙansa Musulmi ne, aikinsu furanni ne da ganyaye da raga mai zanen lissafi a jikin ƙofofi da akwatuna da tebura, kuma kayansu na fita ƙasashen waje. Awon da mai apsara ke yi suna yin irinsa, halin icce da ya sani sun san shi, haƙurin ma ɗaya ne. Ilimin bai rataya a kan surar ba. Ana iya ɗaukar sa a zuba shi a ƙofar masallaci.

Akwai hujja ta biyu da ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Uba zai ce: "Sana'ar hannu ba ta ciyar da gida, kuma can Indiyar ma ana raina masu ita." Akwai gaskiya a ciki. Tsarin jinsin gado na Indiya ya daɗe yana ajiye masu aikin hannu ƙasa da masu littafi. Dillali na sayen aiki da arha a ƙauye ya sayar da tsada a birni. Inji na fitar da kwafi iri ɗaya da sauri, ana zuba wasu da roba a shafa musu launin icce a sayar wa baƙi. Duk wannan yana faruwa. Amma ku tambayi kanku, wane masassaƙi ne dillali ke cuta? Wanda ba ya iya lissafa kwanakin aikinsa da kuɗin iccensa ya yanke farashi. Wanda ba ya iya karanta takardar yarjejeniya. Wanda ba ya iya ɗaukar hoton kayansa ya aika wa mai saye ta waya. Rajistar da Arumbavur ta samu da takardu aka neme ta, sai da aka sami masu iya rubuta tarihin sana'ar da bayanin yadda ake yin ta. To mu me muke yi? Yaron da ya iya karatu muna hana shi taɓa gizago, wanda bai iya ba muna tura shi can. Da hannunmu muke raba sana'a da karatu, in ta talauce kuma mu ce ga shi nan, dama mun faɗa.

Ku dubi makarantunmu. A jadawalin firamare akwai lokacin APP, ayyukan hannu da samarwa. A makarantu nawa ne ba a mai da shi lokacin sharar fili da ɗebo ruwa ba, ko lokacin cike gurbin darasin da aka bari baya? Na taɓa kawo shawara a wani taro cewa a gayyato masassaƙin unguwa ya nuna wa ƴan aji yadda yake fitar da turmi daga gungume, wani abokin aiki ya ce mini ba mu da lokacin wasa. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da kwalejojin fasaha na CET suna nan, amma yaro in aka tura shi can sai gidansu su yi shiru kamar an yi rasuwa. Alhali kowa ya san gwamnati ba ta da kujerar biro ga duk mai diflom, kuma mu da muka san zaman jiran albashi bai kamata mu riƙa yi wa yara alkawarin abin da mu kanmu bai wadace mu ba. Dukawan Damagaram, maginan tukwanen Mirriah, maƙeran azurfa na Agadas, masu aiki a gidan tarihi na Boubou Hama da kasuwar masu sana'a ta Wadata a Yamai, dukansu suna riƙe da awo da ƙa'idoji da suka gada. Nawa ne a cikin ɗalibanmu masu zuwa na ɗaya suka taɓa zama kusa da ɗayansu na yini guda?

Ga abin da nake nema, kuma ba ya buƙatar jikka ko ɗaya daga ministan ilimi. Malami, ranar da za ka koyar da daidaito, ka shigo aji da turmi ƙarami da babba, yara su auna baki da tsayi da gindi su gano dangantakarsu da kansu, sannan ka ba su lissafin tala da angula su ga cewa a wata nahiya ma haka ake yi. Ka gaya musu ko su wane ne apsara a wurin masu su, cikin natsuwa, ba zagi ba ɓoye-ɓoye. Kwamitin COGES, ku nemo masassaƙi ko maƙeri ko baduku na garinku, ku shimfiɗa masa tabarma a gaban aji, ku kira shi malam, domin a wannan sa'a shi ne malamin. Darakta, lokacin APP a bar shi ga APP, a ba shi maki kamar kowane darasi.

Iyaye kuma, babban hutu wata uku ne. Ku kai yaro wurin mai sana'a, kuma ku fara da wanda ya fi ƙoƙari a aji, mace ko namiji, domin shi ne zai iya haɗa abin da ke kaye da abin da ke hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya faɗi jarrabawa kuwa, in za ku kai shi koyon sana'a, kada ku kai shi da sunan hukunci, kuma kada ku bari ya ajiye karatu da lissafi, domin can ma za su tarye shi tun ranar farko da aka miƙa masa ma'auni.

Wanda ke ganin na yi kuskure, ga icce ga kurfi. Ya fitar mana da ludayi guda mai daidaitaccen baki, sannan mu zauna mu tattauna waye kansa ke ja.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a hannuwansu da kawunansu. Wassalam.